Yadda ake neman tallafin karatu a ƙasar waje daga nan Bauchi, tun daga fasfo har zuwa intabiyu

Bara war haka na raka wani ƙanena kafen intanet a Yelwa, ranar da za a rufe karɓar takardun wani tallafin karatu. Ƙarfe huɗu na yamma, ba wuta, janareta na tari, mutum bakwai na jiran kwamfuta uku. Da layi ya zo kansa sai ga matsala. A fasfo sunansa Muhammad, a takardar WAEC Mohammed, a satifiket ɗin digiri kuma an sa sunan kakansa a tsakiya. Mai kafe ya dube shi ya ce, "Malam, wanne zan rubuta?" Yaron nan yana da digiri mai daraja ta biyu babba, yana da kai, amma a ranar ya fita babu abin da ya tura. Daga nan na ɗauri aniyar rubuta wannan bayani, don na lura yawancin yaranmu ba a ilimi ake kayar da su ba. A takardu ne, da rashin sanin lokaci, da rashin sanin abin da duniya ke ciki.

Mataki na farko: daidaita sunanka

Ɗauko duk takardunka ka baje su a kan tabarma: takardar haihuwa, lambar NIN, WAEC ko NECO, satifiket ɗin digiri, na hidimar ƙasa, takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma, da fasfo in akwai. Duba harafi bayan harafi, duba ranar haihuwa. Mu nan arewa wannan ciwo ne gama-gari, saboda wani malamin firamare ya rubuta Abubakar, na sakandare ya rubuta Habu, wani ya sa sunan gari a madadin sunan mahaifi. In ka ga saɓani, je babbar kotu ka yi takardar rantsuwa, in canjin mai yawa ne ka buga a jarida, sannan ka nemi gyara a NIN tun kafin ka doshi ofishin shige da fice, domin fasfo daga bayanan NIN yake ɗauka.

Fasfon kuwa ya yi tsada. Tun daga 1 ga Satumba 2025, mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma naira 200,000. Ka biya ta shafin hukumar da hannunka. Kada ka ce sai ka ci tallafin tukuna, wasu fom ɗin lambar fasfo suke tambaya tun wurin cikawa.

Mataki na biyu: takardar sakamako dalla-dalla

Ita ce ɗalibai ke kira tiranskirif, wadda ke nuna kowane kwas da makin da ka samu tun daga aji ɗaya. Ko Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) ka gama, ko Jami'ar Sa'adu Zungur, ko Jami'ar Tarayya ta Kashere, ko Jami'ar Jihar Gombe, nemi ta wata shida kafin ka buƙace ta. Ni tawa wata huɗu ta yi, na yi sawu ya fi goma a wani ofishi, yau a ce mai sa hannu ya tafi taro, gobe a ce ba a ga makin wani kwas na aji biyu ba. Ashe makin na nan a sashenmu, ba wanda ya kai shi sama. Da na san haka, da daga sashe zan fara. To kai ka fara daga can: je wurin jami'in jarrabawa na sashenku, ka tabbata sakamakonka na kowane zango ya cika, sannan ka biya kuɗin.

Ka nemi kwafi iri biyu, na ɗalibi wanda za ka riƙe ka ɗora a intanet, da na hukuma wanda makaranta ke aikawa kai tsaye. A wannan zuwan ka roƙi wasiƙar da ke shaida da Turanci aka koyar da kai. Wasu jami'o'in suna karɓarta a madadin IELTS, wato jarrabawar gwajin iya Turanci, kuma kuɗin IELTS ba ƙarami ba ne, ga kuɗin mota zuwa Abuja ko Kano, ga shi sakamakonsa shekara biyu kawai yake aiki. In dole sai ka rubuta, yawancin kwasa-kwasan mastas maki 6.5 suke nema. Kada ka rubuta shi sai ka san inda za ka kai shi.

Duk takardar da ta zo hannunka, a ɗauke ta da na'urar sikana mai kyau, ba hoton waya mai inuwar yatsa ba. Ka adana a imel ɗinka da kuma Google Drive. Imel ɗin ma ya zama mai ɗauke da sunanka na gaskiya. Na taɓa ganin wanda ya nemi digirin digirgir da adireshi mai sunan ƙungiyar ƙwallo.

Mataki na uku: zaɓi ƙofar da ta yi daidai da kai

Nan ne ake ɓata lokaci. Yaro zai shiga zauren WhatsApp goma, kullum ana zubo masa sanarwa, ya cika wannan rabi ya tsallaka wancan. Zaɓi uku ko huɗu ka san su ciki da bai.

In sakandare ka gama, ƙofofin ba su da yawa. Akwai tallafin gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları, wanda yawanci ake buɗewa daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Mai neman digirin farko kada ya kai shekara 21, mastas ƙasa da 30, digirgir ƙasa da 35. Suna biyan kuɗin makaranta, ɗakin kwana, inshorar lafiya, tikiti da alawus na wata, amma sai ka yi shekara guda kana koyon Turkanci. Likitanci kuwa maki kashi 90 suke nema. Ga wanda ya yi makarantar Arabiyya ko ya haddace Alƙur'ani, akwai jami'o'in Saudiyya irin Jami'ar Musulunci ta Madina, inda ake son mai neman digirin farko kada ya wuce shekara 25, kuma ana neman wasiƙar tazkiyya daga malamai ko cibiyar addini sananniya. Japan ma tana da nata, MEXT, ta ofishin jakadancinta a Abuja, sai dai jarrabawarsu ta lissafi ba ta wasa ba ce.

In digiri gare ka, fili ya fi faɗi. Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda aka fara a 1983, mastas ne na shekara ɗaya, komai an biya. Sharaɗinsa aikin shekara biyu, wato awa 2,800. Lissafa da kanka: awa 40 a mako, mako 70 ke nan. Aikin sa-kai ma ana ƙirgawa. Za ka zaɓi kwas uku, ka samu gurbi maras sharaɗi a ɗaya, kuma ka yi alkawarin dawowa gida na aƙalla shekara biyu. Ana buɗewa a Agusta. A da farkon Nuwamba ake rufewa, amma a 2025 farkon Oktoba aka rufe, kuma na san waɗanda suka dogara da tsohuwar rana suka wayi gari ƙofa a garƙame. Akwai tallafin Commonwealth, na ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, wanda wani ɓangarensa ke bi ta Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya, wani kuma ta jami'o'in Birtaniya kai tsaye. Akwai DAAD na Jamus, da ke da rukunin kwasa-kwasan raya ƙasa, shi ma yana son aikin shekara biyu.

Wanda na fi so a tura yaranmu shi ne Erasmus Mundus na Tarayyar Turai. Ba ya bi ta hannun kowace ma'aikata a nan, ba ruwansa da wa ka sani. Kai da kwas ɗin ne kawai. Ana karatu a aƙalla ƙasashe biyu, alawus yuro 1,400 a wata, kuma ana karɓar takardu tsakanin Oktoba da Janairu, kowane kwas da ranarsa. 'Yan Najeriya suna cinsa sosai, amma in ka bi sunayen za ka ga namu na wannan shiyya ba su taka kara sun karya ba, kuma ba don ba su cancanta ba.

Ga injiniyoyi da masu ilimin ƙasa da sinadarai, musamman 'yan ATBU, akwai PTDF, asusun da aka kafa a 1973 don horar da ma'aikatan harkar man fetur. Yana tura mutane mastas da digirgir zuwa Birtaniya, Jamus, Faransa da Malesiya. Sai ka gama hidimar ƙasa, kuma ana rabawa ne jiha-jiha, abin da ke nufin da 'yan jiharka kake gogayya. A wasu shekarun ma a nan Bauchi aka yi intabiyun shiyyar arewa maso gabas.

Da ka zaɓa, sayi kalanda irin ta bango, ka zagaye ranar rufewa, sannan ka ja baya da mako biyu ka rubuta "ranata". Wannan ce ranarka ta gaskiya. Wuta da netiwok ba su san kana da uzuri ba.

Mataki na huɗu, wanda ba a faɗa wa ɗalibai: bin labarai kullum

Mutane suna ɗaukan sanin al'amuran yau da kullum abu ne na 'yan gasar kacici-kacici a sakandare, wane ne gwamnan kaza, yaushe aka ƙirƙiro jihar Gombe. Ga mai neman karatu a waje, labarai su ne ke gaya masa ko ƙofar da yake ƙwanƙwasawa tana nan ma. Duba abin da ya faru cikin 'yan shekarun nan. A Fabrairun 2022 yaƙin Yukiren ya watsa ɗalibanmu na likitanci. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka kwaso ɗalibai da motoci zuwa iyakar Masar, da yawansu 'yan arewa. A Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira ta nemo wa kanta daraja, kuɗin makarantar masu biya daga aljihu ya ninka, wasu suka dawo ba su gama ba. Daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin masu mastas tafiya da mata da 'ya'ya. TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, ta dakatar da tura malaman jami'a waje daga farkon 2025. A Afrilun 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tallafin BEA, na yarjejeniyar ilimi tsakanin Najeriya da wasu ƙasashe, wanda shekara da shekaru yake kai yara Rasha, Maroko, Aljeriya da Hangari. Har yanzu ina ganin ana yawo da sanarwar BEA a waya, ana ce wa yara su shirya. Duk wanda ke sauraron labarai bai faɗa wannan ramin ba.

Ga yadda nake sa ƙannena su yi, kuma bai wuce rabin awa ba. Da safe bayan sallar asuba, saurari labaran duniya a BBC Hausa, DW ko RFI, minti goma sha biyar. Na gida kuma ka kama Globe FM ko BRC. Da rana ka buɗe jarida ɗaya ta Turanci, Daily Trust ko Premium Times, ka zaɓi labari guda da ya shafi fanninka, ka karanta shi da murya a bayyane. Da murya, na ce, domin bakinmu ya saba da Hausa, kuma ranar intabiyu baki ne zai yi aiki, ba ido ba. Da dare ka ɗauko littafin rubutu mai shafi 80, ka rubuta kwanan wata da layi uku: me ya faru, me ya jawo shi, ta ina ya taɓa Bauchi ko karatuna. Layi na ukun nan shi ne mai wuya, shi ne kuma mai amfani. Kada ka rubuta a waya, za ka ɓige da kallon bidiyo.

Bari in nuna da misali. A ce kai injiniyan man fetur ne mai harin PTDF. Littafinka ya kamata ya san cewa an sa hannu a dokar man fetur ta PIA a Agustan 2021, cewa Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwamban 2022, cewa an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, cewa an gina matatar Ɗangote don tace ganga 650,000 a rana. In aka tambaye ka me ya sa kake son wannan kwas, kana da abin faɗa game da Alkaleri, ƙaramar hukumar da aikin Kolmani ya shafa a ɓangaren Bauchi, game da ruwan sha da gonakin mutanen da ke kusa da rijiyoyin, game da abin da ya faru a Neja Delta da ba ma son a maimaita. Wanda ya haddace ma'anar kalmomi kawai ba zai iya wannan ba. Haka mai ilimin noma zai bi labarin madatsar Dadin Kowa da farashin taki da na masara a kasuwar Muda Lawal, mai lafiya ya bi zazzaɓin Lassa da tamowa a ƙananan yara.

Abu ɗaya: labarin da aka turo maka a WhatsApp ba ya shiga littafin sai ka gan shi a kafa biyu da ka yarda da su. In dokar biza ce ko ranar rufewa, shafin masu abin kawai.

Mataki na biyar: rubutun neman

Chevening tambaya huɗu yake yi: jagoranci, hulɗa da mutane, dalilin zaɓen kwas, da shirinka na aiki bayan ka dawo. Sauran ma kusan haka ne da wasu kalmomi. Matsalarmu a nan tarbiyya ce. An koya mana kada mu yabi kanmu, shi ya sa yaro zai rubuta "mun yi, mun yi" har ƙarshe, mai karatu bai ga shi me ya yi ba. Ba alfahari ake nema ba, hujja ake nema. Wata ƙanwar abokina ta ce min ba ta da abin rubutawa, ba ta taɓa riƙe muƙami ba. Muna hira sai ga shi a lokacin hidimar ƙasa ita ta bi gida-gida ta shawo kan iyaye suka mayar da 'yan mata makaranta, har ta sa mai unguwa ya kira taro. Na ce mata, "To ke me kike nema da ya wuce wannan?" Faɗi halin da aka shiga, abin da kai ka yi, da abin da ya fito, da adadi na gaskiya in akwai. Mutum goma sha biyu na gaskiya sun fi dubu na ƙarya, domin a intabiyu za a tona.

Kada ka buɗe da cewa kai talaka ne daga ƙauye, dubbai sun riga ka faɗa. Kada ka kwafi rubutun wanda ya ci bara, suna da manhajar gano satar rubutu. Manhajojin da ke yi wa mutum rubutu kuma, duk abin da suka fitar kamanninsa ɗaya, masu tantancewa sun gaji da ganinsa. Rubuta da kanka, ka ajiye kwana uku, ka sake karantawa, sannan ka ba mutum biyu: ɗaya wanda ya iya Turanci, ɗaya wanda ba ya jin kunyarka.

Masu ba da shaida a kanka, nemi malamin da ya duba aikinka na ƙarshe da shugabanka a wurin aiki. Malamin da ya san ka ya fi farfesan da bai taɓa ganinka ba. Je ka gaishe shi da ƙafarka wata guda kafin lokaci, ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da nake nema, ga takarduna, ga ranar da za a rufe." Ka roƙi adireshin imel na makaranta. Bayan mako ka tuna masa cikin ladabi, malamai suna da mantuwa, kuma saƙon yakan faɗa cikin tarkacen imel.

Maganar 'yan damfara gajeriya ce. Chevening, Erasmus, DAAD, Turkiyya, babu wanda ke karɓar kuɗin fom. Duk wanda ya ce ka turo dubu hamsin a asusun mutum don yana da ɗan'uwa a ofishin jakadanci, rabu da shi. Kada kuma ka ba mai kafe kalmar sirrinka ya cika maka, wasiƙar gayyata tana iya zuwa ta wuce ba ka sani ba.

Mataki na shida: intabiyu

Tara abokai uku kowace Juma'a da yamma, ku riƙa yi wa juna tambayoyi da Turanci, a sa agogo, minti biyu kowace amsa. Ɗauko littafin labaranka a yi maka tambaya daga ciki. In ta intanet za a yi, nemi wurin da netiwok ke da ƙarfi tun kwana biyu kafin ranar, cika waya da kwamfuta da caji, ajiye layin wani kamfanin daban. Na san wanda ya yi tasa a ofishin wani ɗan'uwansa a GRA saboda sola, kuma ya yi dabara. In ta ido da ido ce a Abuja, kwana a can. Kada ka taso daga Bauchi da asuba ka dogara da hanyar Jos. Kaftani mai tsabta da hula sun wadatar, mace da hijabinta. Kalli idon mai tambaya. A gida rashin kunya ne, a can kuwa sunkuyar da kai suke ɗauka rashin tabbas.

Ga 'yan mata akwai intabiyu ta farko tun a gida. Kada ki bari sai wasiƙa ta zo sannan Baba ya ji. Faɗa wa Mama tun kina cika fom, nemi kawu ko yayan da ake jin maganarsa, ki nuna musu garin, ɗakin kwanan mata, masallacin da ke kusa, da wata 'yar arewa da ta yi karatu a can wadda za su iya magana da ita a waya. Na ga tallafin da aka ci aka rasa a tsakar gida.

In an ce ba ka samu ba, adana duk abin da ka rubuta a fayil ɗaya mai kwanan wata, mafi yawansa zai yi aiki a zagaye na gaba. In kuwa an dace, kada ka ajiye aikinka sai wasiƙar ƙarshe da biza sun shigo hannu. Mai zuwa Birtaniya sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, a Abuja ko Legas. Wasu ƙasashen kuma sai an buga wa satifiket ɗinka hatimi a Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje a Abuja, ka ware wa wannan kwanaki. Ainihin takardunka su zauna a jakar hannu, ba a akwatin da za a auna ba. Kuma ka lallashi Hajiya tun da wuri: Birtaniya ba ta barin a shigo da nama ko madara daga nan, don haka kilishi da dambun naman da take shirin ƙulla maka a cinye su a gida kafin a tafi tasha.